Fangas da ke zaune a cikin tsirran magani: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin ɗaliban ilimin ƙananan halittu da na harhaɗa magunguna, musamman masu shirin binciken kammala karatu, sai kuma masu maganin gargajiya da makiyaya. An faro da abin da kowa ke buƙatar sani, sannan aka gangara zuwa aikin ɗakin gwaji.

Wane irin fangas ake nufi, kuma me yake yi a cikin tsiro mai lafiya?

Fangas babban dangi ne. Fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, da naman kaza da ke tsirowa da damina, da yis ɗin burodi, da abin da ke jawo makero a kan yara, duk 'yan gida ɗaya ne. Jikin mafi yawansu zare ne siriri wanda ido ba ya gani sai ya taru da yawa. Wasu daga cikinsu suna zama a cikin ganye ko ɓawo ko saiwa ko iri na tsiro mai rai, suna ratsa tsakanin ƙwayoyin jikinsa, tsiron kuma bai nuna wata alamar ciwo ba. Su ake kira endofayit, daga kalmomin Girkanci masu nufin "cikin tsiro", kuma ana danganta sunan da masanin tsirrai Bajamushe Anton de Bary a 1866.

Sharaɗin shi ne rashin alamar ciwo a lokacin da aka duba. Zaman lafiyar ba ta dindindin ba ce: idan fari ya kama bishiyar ko ganye ya tsufa, wanda yake kwance shiru yana iya tashi ya zama cuta, ko ya fara ruɓar da ganyen da zarar ya faɗi.

Kowane tsiro yana da su? Ta ina suke shiga?

Kusan duk tsiron da aka bincika da kyau an same su a cikinsa, kuma ba ɗaya ko biyu ba. A wani bincike da aka buga a 2000, an ciro nau'i 418 masu kama daban-daban daga ganye 83 kacal na bishiyoyi iri biyu a dajin Panama.

Hanyar shiga biyu ce. Wasu gado ake yinsu: suna cikin iri, tsiro yana fitowa da abinsa, haka kuma zai miƙa wa 'ya'yansa. Wannan ya fi yawa a ciyayi. Mafi yawan na bishiyoyi kuwa daga waje suke zuwa, iska ko ruwan sama ko ƙwari su kawo ƙwayoyin irinsu, su shiga ta ƙofofin numfashin ganye ko ta wani rauni. Shi ya sa tsohon ganye ya fi sabon toho yawan fangas, na damina ya fi na rani, kuma bishiya iri ɗaya a garuruwa biyu tana iya ɗauke da baƙi mabambanta.

Me tsiron yake samu a wannan zama?

Fangas yana samun abinci da mafaka. Abin da yake biya da shi ya fi fitowa fili a labarin wata ciyawar kiwo ta Amurka mai suna Kentucky 31, wadda aka yaɗa tun daga 1943 saboda juriyarta. Shanun da ke cinta suka riƙa ramewa, zafi yana galabaitar da su, wasu ma kofato da bakin wutsiya suna ruɓewa su faɗi. A 1977 Charles Bacon da abokan aikinsa a jihar Jojiya suka gano cewa wani fangas na dangin Epichloë ne a cikin ciyawar. Yana yin sinadarin ergovaline, wanda ke tsuke jijiyoyin jini.

Da aka fitar da irin da babu fangas a cikinsa, shanu sun samu lafiya, amma ciyawar ta kasa jure fari da ƙwari da yawan kiwo. Ashe juriyar da aka yaba mata ta baƙon ce. Mafitar da aka samu ita ce a nemo wasu 'yan'uwan fangas ɗin masu korar ƙwari ba tare da cutar da dabba ba, a dasa su a cikin iri, kuma yau ana sayar da irin haka a Amurka da Niyu Zilan.

Me ya sa duk maganar nan take komawa kan Taxol?

Saboda daga nan aka fara rububin. Taxol maganin sankarar mama da ta ƙwan mace da ta huhu ne, an samo shi daga ɓawon bishiyar Taxus brevifolia ta arewa maso yammacin Amurka. Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana tsarinsa a 1971, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a ƙarshen 1992. Matsalar ita ce bishiyar tana da jinkirin girma, sinadarin kaɗan ne a ɓawonta, kuma saɓule ɓawon kashe ta ne. Ana cikin wannan damuwa, a 1993 Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle suka sanar a mujallar Science cewa sun ciro wani fangas daga bishiyar, Taxomyces andreanae, wanda ke yin Taxol shi kaɗai a cikin kwalba.

Adadin da suka samu nanogiram 24 zuwa 50 ne a kowace lita (nanogiram miliyan ɗaya ne ke yin miligiram ɗaya). Allura ɗaya ta babban mutum kusan miligiram 300 ce, wato sai an noma aƙalla lita miliyan 6 kafin a yi wa mutum ɗaya allura sau ɗaya. Bayan haka an ba da rahoton fangas masu yawa da aka ce suna yin Taxol, amma har yanzu babu masana'antar da ke samar da shi ta wannan hanya. Wanda ake ba marasa lafiya yana fitowa ne daga ganyen bishiyoyin dangin Taxus da ake ƙarasa sarrafawa a masana'anta, ko daga ƙwayoyin jikinsu da ake reno a manyan tankuna.

To, da gaske fangas yana iya yin maganin da tsiron yake yi?

A nan ake buƙatar taka-tsantsan, domin an gauraya abubuwa uku da ya kamata a raba. Akwai inda fangas ne mai yin sinadarin, aka daɗe ana jingina wa tsiro, kamar yadda amsar da ke tafe kan duman kada za ta nuna. Akwai inda tsiro ne yake yi, fangas yana tsokanarsa kawai, kamar itacen ud. Sai na uku, da'awar cewa su biyun kowa yana yin abu ɗaya. Wannan na faruwa: sinadarin giberelin mai sa tsiro tsawo, tsirrai suna yi, fangas ɗin da ke cutar da shinkafa ma yana yi, kowa da hanyarsa. Amma ba kasafai ba ne, kuma hujjarsa tana da nauyi.

A 2013 wasu masu bincike a Jamus suka karanta ɗaukacin ƙwayoyin gadon Taxomyces andreanae, ba su sami waɗanda bishiya ke amfani da su wajen haɗa Taxol ba, aikin da ke da matakai kusan 20. Bayaninsu shi ne cewa sinadarin yana maƙalewa a jikin zaren fangas tun yana cikin bishiya, ya biyo shi zuwa farantin da ake renon fangas a ɗakin gwaji, sai ya ƙare bayan an yi ta sake dasa shi. An ga wani abu mai kama da haka da camptothecin, tushen magungunan sankara irinotecan da topotecan: wani fangas, Fusarium solani, daga bishiyar Camptotheca ta Sin ya ba da shi da farko, ya riƙa raguwa daga dashe zuwa dashe, kuma mayar da shi cikin bishiyar bai dawo da abin ba.

A ganinmu, kafin a yarda da irin wannan da'awa sai an ga abu huɗu: sinadarin yana nan bayan dashe da yawa, yawansa yana ƙaruwa tare da girman fangas, an tabbatar da tsarinsa da na'urar auna nauyin sinadari da ta NMR mai nuna yadda sinadari ya ginu, ba da launin ɗigo a takarda kawai ba, sannan an nuna ƙwayoyin gadon da ke yin aikin.

Akwai tsiron da aka tabbatar fangas ne ke ba shi ƙarfinsa?

Akwai, kuma ɗaya daga cikinsu yana yaɗo a bakin rafi da fadamun ƙasar Hausa: duman kada, Ipomoea asarifolia. An daɗe da sanin yana ɗauke da sinadaran dangin ergot, wato dangin ergovaline da aka ambata a labarin ciyawar kiwo. A 2004 masu bincike a jami'ar Bon ta Jamus suka fesa masa maganin kashe fangas, sai sinadaran suka ɓace tare da fangas ɗin. A 2011 aka raɗa masa suna Periglandula. Yana zama a saman sabon ganye kusa da ƙananan jakunkunan mai, yana kuma bin iri zuwa sabon tsiro. A arewa maso gabashin Burazil, inda tsiron yake da yawa, awaki da tumaki da shanu kan kamu da karkarwa da tangaɗi idan yunwar rani ta sa suka ci shi. Makiyayin da ya ga haka bayan dabba ta kiwata a bakin rafi, abu na farko shi ne ya janye garken daga wurin.

Misali na biyu ciyayin Astragalus da Oxytropis ne na yammacin Amurka da Sin, masu haukata dawaki da tumaki. Gubarsu swainsonine ce. Tsiron da aka rena babu fangas ba shi da ita, fangas ɗin kuma yana yinta shi kaɗai a faranti. Hujjar ta cika ta ɓangare biyu ke nan.

An taɓa samun maganin da ya kai kasuwa daga irin waɗannan fangas?

An samu, kuma abin lura shi ne ba kwafin sinadarin tsiro ba ne, sababbin sinadarai ne na fangas ɗin kansa. Masu binciken kamfanin Merck sun ciro wani fangas na dangin Hormonema daga ganyen bishiyar Juniperus communis a Sifaniya, suka sami enfumafungin, aka bayyana shi a 2000. Bayan gyare-gyaren tsarinsa ya zama ibrexafungerp, wanda Amurka ta amince da shi a watan Yuni 2021 don ƙaiƙayin gaba na mata da yis ɗin Candida ke jawowa. Shekara 20 da ɗoriya ke nan tsakanin ganowa da kasuwa.

Na biyu emodepside ne, wanda aka gina a kan sinadarin PF1022A daga wani fangas da aka samu a ganyen Camellia japonica a Japan, ɗan'uwan ganyen shayi. An daɗe ana ba kuliyoyi da karnuka shi don tsutsar ciki, kuma an kai shi gwaji a kan mutane a Gana don makantar da ƙudan rafi ke yaɗawa. Ɗalibin da ke zaɓar abin da zai bincika ya dubi waɗannan biyu da kyau: neman abin da fangas ke yi da kansa ya fi ba da 'ya'ya a kan farautar sinadarin da aka riga aka sani a tsiro.

Darbejiya fa, da turaren ud?

A 2012 an ba da rahoton wani fangas, Eupenicillium parvum, daga darbejiyar Indiya da ke ba da azadirachtin, sinadarin da ke hana ƙwari cin amfanin gona. Adadin kaɗan ne ƙwarai, bai kusa da abin da ke cikin ƙwallon 'ya'yan bishiyar ba, kuma sharuɗɗan da aka jera a amsar da ta gabata kan da'awar sun shafe shi. Ba a kuma ɗauka cewa darbejiyar Katsina ko Maraɗi tana da fangas ɗin nan, saboda dalilin da aka faɗa a amsar hanyoyin shiga.

Itacen ud da ake sakawa a kasko daga bishiyar Aquilaria yake, ta Asam da Kambodiya da Biyetnam da Indunusiya. Lafiyayyen itacenta fari ne, ba ƙamshi. Sai an ji mata rauni, fangas irin su Fusarium da Lasiodiplodia sun shiga, sannan take zubo baƙin ƙaro don kare kanta, wannan ƙaron shi ne turaren. Masu nomanta yanzu suna huda gindin da gangan su zuba ruwan tsokana, su jira watanni ko shekaru.

Yaya ake ciro fangas daga cikin ganye ba tare da na bayansa ya shigo ba?

A tsinko lafiyayyen ganye ko reshe marar tabo, a sa a jakar takarda ko leda mai tsabta cikin sanyi, a fara aiki kafin awa 24, in ya daɗe 48. A rubuta wuri da rana da ɓangaren tsiron, a kuma busar da reshe ɗaya a ajiye a ɗakin adana tsirrai don tabbatar da sunansa. A wanke da ruwan famfo, a tsoma a itanol mai ƙarfin kashi 70 na minti 1, sai ruwan bilic mai kashi 2 zuwa 3, minti 1 zuwa 2 ga ganye mai laushi, minti 3 zuwa 5 ga ɓawo da saiwa. A sake tsomawa a itanol na daƙiƙa 30, a ɗauraye sau 3 da ruwan da aka kashe wa ƙwayoyi, a tsane a kan takarda mai tsabta. Ƙarfin bilic na kasuwa yana rubuce a jikin kwalba, kuma yana raguwa idan ta daɗe a buɗe ko a rana.

Daga nan a datse gefe-gefen da bilic ya ƙona a zubar, a yanka sauran gutsi-gutsi kamar milimita 5, a jera 4 ko 5 a kowane faranti. Matakin da ba a tsallakewa shi ne gwajin tsabta: a danna ganyen da aka wanke a kan wani faranti a ɗauke, a kuma shafa ruwan ɗaurayar ƙarshe a kan wani. Idan wani abu ya tsiro a cikinsu, wankin bai yi ba, duk abin da aka samu a ranar ba a kiransa na ciki.

Wane abinci ake shuka fangas ɗin a kai?

Wanda aka fi amfani da shi ana iya haɗa shi da hannu: a dafa giram 200 na yankakken dankalin turawa a ruwa na minti 30, a tace, a zuba giram 20 na gulukos da giram 15 zuwa 20 na aga (garin da ke daskarar da ruwan), a cika ruwa zuwa lita 1. A dafa a tukunyar matsi a zafin digiri 121 na minti 15. A haɗa da chloramphenicol miligiram 50 zuwa 100 a lita don hana bakteriya. A ajiye faranti a digiri 25 zuwa 28, a riƙa dubawa kullum har mako 4. Da zarar zare ya leƙo daga gefen gutsin ganye, a yanko bakinsa da allura a kai sabon faranti, a maimaita har ya zama shi kaɗai.

Me ya fi ɓata aikin?

Idan babu abin da ya fito sam, yawanci bilic ne ya yi yawa ya kashe har na ciki, sai a rage lokaci. Idan kuma kowane faranti ya cika da kore ko baƙin Aspergillus da Penicillium cikin kwana 2, har a inda babu ganye, daga iskar ɗaki suka faɗo. Wannan ya fi tsanani lokacin ƙurar hunturu. Zafin bazara ma matsala ne: ɗakin da ya haura digiri 35 yana busar da aga, yana kuma fifita masu jure zafi a kan sauran.

Masu saurin girma irin su Lasiodiplodia da Nigrospora kan rufe faranti su danne masu jinkiri, alhali sau da yawa masu jinkirin nan ne ke da sabon abu. Maganinsa a rage ƙarfin abincin zuwa rabi ko rubu'i, a yanka ganyen ƙanana sosai, a kuma kwashe gutsin da bai tsiro ba zuwa sabon faranti. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari da ke shiga faranti suna jan fangas daga wannan zuwa wancan. A naɗe bakin kowane faranti, wanda aka ga layin sawu a kansa a fitar da shi nan take.

Yaya ake sanin sunansa?

Launi da siffar ƙwayoyin iri a ƙarƙashin madubin ƙara girma suna kai mutum ga babban dangi kawai, kuma da yawa ba sa yin irin ma a faranti. Don haka ake karanta wani yanki na DNA mai suna ITS, wanda aka amince da shi a 2012 a matsayin shaidar fangas. Wasu dangin sai an karanta ƙarin yanki na DNA: ga Fusarium sai an ƙara da TEF1, ga Aspergillus da Penicillium sai an ƙara da beta-tubulin ko calmodulin, in ba haka ba a tsaya a sunan dangi. GenBank, rumbun intanet da ake ajiye jerin DNA, yana da jeri da yawa masu sunan kuskure, saboda haka a kwatanta da na asalin samfurin da aka raɗa wa sunan, ba da duk wanda ya fito a sama ba.

Yaya ake fitar da sinadaran?

Hanya mai sauƙi ita ce shinkafa: giram 100 da ruwa mililita 100 zuwa 110 a kwalbar lita 1, a jiƙa ta kwana, a dafa a tukunyar matsi, in ta huce a jefa 'yan gutsin fangas, a bari mako 3 zuwa 4 ba girgizawa. Sai a farfasa, a jiƙa a ruwan narkarwa na ethyl acetate ya kwana, a tace, a maimaita sau 3, a ƙafe ruwan a zafin da bai wuce digiri 40 ba.

Dole a haɗa da kwalba ɗaya da ba a shuka komai a cikinta ba, a bi da ita duk matakan. Shinkafa da dankali da waken suya suna da nasu sinadaran, kuma an sha jingina su ga fangas. Haka sinadaran phthalate: daga roba da leda da murfin kwalba suke narkowa, su bayyana a sakamakon na'ura, a rubuta su a matsayin abin da aka gano. A yi aiki da gilashi.

Fangas ɗina ya daina ba da abin da ya bayar da farko. Me za a yi?

Da farko a koma amsar da ke kan da'awar yin maganin tsiro, domin mai yiwuwa ragowar na tsiron ne ya ƙare. Idan kuwa nasa ne, to ƙwayoyin gadon da ke aikin sun yi barci saboda babu abokin gaba kuma babu tsiro. Ana tashinsu ta canza abinci ko gishiri ko zafi, ko a shuka shi tare da wani fangas ko bakteriya, ko a zuba ruwan ganyen tsiron da ya fito daga ciki, ko a sa ɗan sinadarin 5-azacytidine mai farkar da ƙwayoyin gado. Rigakafin shi ne a adana asalinsa tun dashe na farko, a gilisarin mai kashi 15 a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Inda wuta ba ta tsayawa, a ajiye gutsinsa a kwalbar ruwa mai tsabta da aka rufe sosai, ko a ƙarƙashin man farafin.

Ruwan da na fitar ya kashe bakteriya a faranti. Na sami magani ke nan?

Tukuna. Faɗin da'irar da bakteriya ba ta tsiro a cikinta ba ya danganta da yadda sinadarin ke ratsa aga, ba ƙarfinsa kaɗai ba. A auna mafi ƙanƙantar adadin da ke tsayar da ƙwayar: ɗanyen ruwan da ke aiki a ƙasa da maikirogiram 100 a mililita ya cancanci a bi shi, wanda sai an kai miligiram da yawa kuwa bai cancanta ba. A haɗa da sanannen magani don kwatance, a kuma gwada ruwan narkarwar shi kaɗai. Bayan haka a gwada a kan lafiyayyun ƙwayoyin jikin dabba, domin gubar fangas da yawa suna kashe bakteriya da ƙwayar sankara, suna kuma kashe komai. Ba a ba mutum ko dabbar gida irin wannan ruwa.

Ni mai maganin gargajiya ne. Sassaƙen da ya yi fumfuna ya fi ƙarfi ke nan?

A'a, zubar da shi za a yi. Fumfunar da ke hawa sassaƙe ko gari a wurin ajiya daban take da wadda ake magana a kai, kuma cikinta akwai Aspergillus flavus mai yin aflatoxin, gubar da ke lalata hanta tana jawo sankararta. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317, 125 suka rasu. Tafasawa ba ta kashe wannan guba, kankare saman ma ba ya wadatarwa, domin zaren ya riga ya shige ciki.

A shanya ganye da sassaƙe a inuwa mai iska, a kan tabarma ko raga da aka ɗaga daga ƙasa, a baza su ba a tara ba, a riƙa juyawa. Sassaƙe bai bushe ba sai ya karye ƙwas, ganye kuma sai ya marmashe a hannu. Ba a ɗaure shi a leda da sauran danshi, ba a jingina buhu da bango ko a ajiye shi a daɓe da damina. A daka gari daidai wanda za a sayar cikin ɗan lokaci, saboda gari ya fi gutsin itace saurin shan danshi.